Shiga Babban Gida da Rabon Arzikin Ƙasa: Darasin Shekara Ɗari

Jawabin da aka gabatar a wajen bikin cikar sarautar Ɗan Gulbi shekara ɗari

 

 

Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan biki ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan tarihi. Na san akwai dattawa a cikin wannan rumfa da suka fi ni sanin jerin sarakunan gidan nan da ayyukan kowane ɗaya daga cikinsu, don haka na bar musu wannan fage. Abin da na zaɓa shi ne in waiwayi duniyar da wannan sarauta ta rayu a cikinta, domin shekara ɗarin da muke biki kusan tsara ɗaya suke da ƙasar Nijar kanta. A 1922 ne Faransa ta mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai shi Yamai.

A cikin waɗannan shekaru, sau da yawa an zo an ce mana mu shiga wani babban gida: gidan Faransa, gidan Afirka ta Yamma, gidan maƙwabta. Kowane lokaci kuwa akwai tambaya ɗaya da ke ɓoye a ƙarƙashin tabarma, wato: idan mun shiga, wa zai riƙe mabuɗin rumbu? A kan wannan tambaya zan tsaya, in Allah ya yarda, daga zamanin gujiya har zuwa na yuraniyom da man fetur, sannan in dawo da ita ƙofar gidanmu.

Yadda aka shata iyaka

Kakanninmu ba su san wata iyaka tsakanin Tsibiri da Sabon Birni ba, ko tsakanin Maraɗi da Katsina, sai dai iyakar yaƙi da sulhu irin ta sarakuna. Ingila da Faransa ne suka zauna a ƙasashensu suka raba mu a kan takarda. Sun fara a 1890 da layin da ya tashi daga Sayi zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, suka gyara a 1898, suka sake gyarawa a 1904 da 1906, domin Faransa ta koka cewa an bar ta da rairayi, ba ta da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi aka kafa alamomin iyaka. Da haka ƙasar Gobir ta rabu biyu, ƙasar Katsina ma haka.

Abin lura shi ne babu wanda ya tambayi talaka ko sarki. Mun kwana muna ƴan gida ɗaya, mun wayi gari wasu na biyan lanho ga kumandan, wasu na biyan haraji ga Razdan. Wannan ita ce shigarmu ta farko cikin babban gida, kuma da ƙarfin bindiga aka yi ta. Abin da talaka ya gani a cikinta shi ne aikin tilas, da kamen soja, da lanho, ga kuma yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 wadda tsofaffi suka daɗe suna ba da labarinta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ya bar Faransa a gajiye, tana kuma da bashin jinin sojojin Afirka a wuyanta. Saboda haka a 1946 aka yi sauye-sauye uku a cikin ƴan makonni. A ranar 11 ga Afrilu aka soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A ranar 30 ga Afrilu aka kafa asusun raya ƙasashen ƙetare, wanda aka sani da FIDES. A ranar 7 ga Mayu kuma dokar Lamine Guèye ta ce mutanen ƙasashen mallaka sun zama ƴan ƙasa. Aka daina kiran Nijar mallaka a takarda, aka ce ta zama yanki a cikin Tarayyar Faransa. A shekarar ne aka kafa jam'iyyar PPN, aka kuma zaɓi Diori Hamani ya wakilci Nijar a majalisar dokoki ta birnin Paris. Shekara ɗaya bayan haka, a 1947, aka buɗe barikin Dakwaro.

To, mene ne Faransa take so a wurinmu a wancan lokaci? Amsa ita ce mai. Turai ta fito daga yaƙi tana ƙarancin man girki da na sabulu, gujiya kuwa tana son jigawa irin tamu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya kai Ƙaurar Namoda da Nguru, gujiyar wannan yanki take bi ta Nijeriya zuwa bakin teku. An kafa masana'antar tatsar mai a Maraɗi tun cikin yaƙin. Bayan ambaliyar 1945 aka tayar da garin Maraɗi daga cikin fadama aka mai da shi kan tudu, ya zama cibiyar cinikin gujiya, attajirai suka bunƙasa. A shekarun 1950 aka fara karkatar da wani kaso na gujiyar zuwa Paraku da Kwatano a ƙasar Dahome, don kada arzikin gidan Faransa ya riƙa bi ta gidan Ingila.

Wannan zamani shi ne ya cika ƙasarmu ta Dakwaro da mutane. Gonakin kudu sun ƙuntata, manoma suka yi ta gusowa arewa suna saran daji, suna kafa ƙauyuka, suna haƙa rijiyoyi. Kuɗi ya shigo hannun talaka, an ga keke da fitila da atamfa, an ga masu zuwa Makka. Amma fa farashin a Turai ake yanka shi, kuma lokacin kaka da lokacin biyan lanho rana ɗaya suke zuwa, don haka manomi ba shi da ikon ya ce zai ajiye kayansa har su yi tsada.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin wata shekara da ya ɗora buhu huɗu a kan jakuna ya kai wata kasuwa. Yaron wani dillali ya ɗora a sikeli, ya duba, ya rubuta, ya miƙa masa kuɗi. Mahaifina ya san an cuce shi, domin ya auna gujiyarsa da tiya tun daga gida, amma bai iya karanta lambar sikeli ba, ga kuma dogari na jiran lanho. Ya karɓa ya juyo. Ya ce a kan hanyar nan ne ya yi alkawari tsakaninsa da Allah cewa ɗansa na fari sai ya shiga lakwal, ko da kuwa dangi za su yi masa dariya. Albarkacin wannan sikeli nake tsaye a gabanku yau. Ina roƙon ku riƙe wannan labari, domin abin da ya faru da mahaifina a kasuwa shi ne ya faru da ƙasa sukutum a teburin yarjejeniya.

Ƙuri'ar "I" ko "A'a" ta 1958

A 1956 aka yi dokar da ta bai wa kowane yanki ƙwarya-ƙwaryar gwamnati, aka kuma bai wa kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a. Bayan zaɓen Maris 1957, Djibo Bakary na Sawaba ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa, kuma sarakuna da dama suna tare da shi a lokacin.

Sai dai a daidai waɗannan shekaru hamada ta fara bayyana abin da ke cikinta. A 1956 aka sami man fetur a Hassi Messaoud ta ƙasar Aljeriya. A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa, suna neman tagulla a Azelik ta ƙasar Agadas, suka ci karo da alamun yuraniyom. A watan Janairu na wannan shekara Faransa ta kafa wata hukuma mai suna OCRS, da nufin haɗa yankunan hamada na Aljeriya da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da Nijar da Cadi a ƙarƙashin kulawa ɗaya. Faransa na shirin mallakar makamin nukiliya, wanda ta gwada a Reggane cikin hamadar Aljeriya a watan Fabrairu 1960. Kun ga ke nan rairayin da ta raina a 1890 ya zama abin da ba ta son ta saki.

Da Janar de Gaulle ya dawo mulki a 1958, sai ya ajiye wa ƙasashen Afirka zaɓi biyu. Wanda ya ce "I" ya shiga sabon gida, wato Gamayyar Faransa, yana da gwamnatinsa, amma tsaro da kuɗi da hulɗar waje da ma'adinai masu muhimmanci ga tsaro suna hannun gamayya. Wanda ya ce "A'a" ya sami ƴanci nan take, ya kuma rasa duk wani taimako. Djibo Bakary ya kira jama'a su ce "A'a". Diori Hamani da Boubou Hama na PPN suka ce "I". Faransa ta ji tsoron cewa idan Nijar ta fita, za ta jingina da Nijeriya wadda ke dab da samun ƴanci, ko ta zama ƙofa ga masu yaƙin ƙwatar ƴancin Aljeriya. Aka turo sabon gwamna, Colombani, ana saura ƴan makonni a jefa ƙuri'a. Sarakuna da yawa, waɗanda dama ransu ya ɓaci saboda tuɓe wasu ƴan uwansu da gwamnatin Sawaba ta yi, suka koma ɓangaren "I".

A ranar 28 ga Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a. Sakamakon da aka bayyana ya nuna kimanin kashi 78 cikin ɗari sun ce "I", amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba, kuma masana tarihi sun rubuta irin matsin lambar da aka yi. Gini ta Sékou Touré ce kaɗai ta ce "A'a". A ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, a 1959 aka haramta Sawaba, a ranar 3 ga Agusta 1960 aka sami ƴancin kai.

Ban tsaya nan don in yanke wa iyayenmu hukunci ba. Akwai gidaje a ƙasar nan da suka rabu biyu saboda wannan ƙuri'a, wa yana Sawaba, ƙane yana RDA, kuma kowanne yana da hujjarsa. Masu "I" sun dubi ƙasa mai faɗi wadda ba ta da teku, ƴan lakwal ɗinta ba su taka kara sun karya ba, suka ce gaggawa aikin shaiɗan. Masu "A'a" suka ce wanda bai riƙe mabuɗin ɗakinsa ba, baƙo ne a gidan ubansa. Abin da ya kamata mu duba shi ne takardar da ta biyo baya. A ranar 24 ga Afrilu 1961, Nijar da Dahome da Kwaddibuwa suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa. A cikin rataye na wannan yarjejeniya an lissafa man fetur da yuraniyom da wasu ma'adinai, aka ce Faransa ce ke da fifiko wajen sayensu. An sa hannu shekara goma kafin a fitar da ko da kilo ɗaya daga Arlit.

Waɗansu da suka shiga babban gida

Don kada mu zaci mu kaɗai abin ya shafa, bari in kawo misali biyu.

Na farko yana kusa da mu. Arewacin Kamaru, ƙasar Mubi da Gwoza da Gashaka da tsaunin Mambila, tana hannun Jamus har Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga nan Ingila ta riƙe ta amana. A watan Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambaye su ko za su shiga Nijeriya, suka ce a dakata. Wannan amsa ta girgiza Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ta sa aka gyara tsarin mulkin yankin, aka raba su da hukumomin gargajiyar da suke kuka da su, aka yi musu alkawarin lardi nasu na kansu. A watan Fabrairu 1961 aka sake tambayarsu, kimanin kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi Nijeriya, suka shiga a ranar 1 ga Yuni 1961 da sunan Lardin Sardauna. Darasi a nan shi ne cewa "a dakata" da suka yi da farko ita ta ba su bakin ciniki. Duk da haka, babbar madatsar lantarki ta Mambila ta shafe shekaru sama da arba'in ana zancenta a takarda.

Na biyu yana can nesa, a ƙasar sanyi. Tsibirin Niyufanlan, wanda littattafan lakwal suke kira Terre-Neuve, ƙasar masunta ce da ke ƙarƙashin Ingila. A 1948 aka yi ƙuri'a, kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi shiga Kanada, suka shiga a ranar 31 ga Maris 1949. Sun sami kuɗin tallafin yara da fanshon tsofaffi, an yi hanyoyi da makarantu, an buɗe ma'adinan ƙarfe a Labrado. Amma a 1969 aka sa hannu a wata yarjejeniya ta sayar wa jihar Kebek wutar madatsar Churchill a kan farashi ƙayyadadde, na tsawon lokacin da ya kai har 2041. Bayan ƴan shekaru kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a duniya, mai saye ya kwashi riba, masu ruwa suka yi ta zarya a kotu ba su ci nasara ba. A 1992 kuma aka hana kamun kifin da suka dogara da shi ɗaruruwan shekaru, saboda an kwashe shi fiye da kima, dubban mutane suka rasa sana'a. Waɗannan fa Turawa ne masu karatu. Ashe sharrin sikeli bai san launin fata ba.

Zamanin yuraniyom da man fetur

Mu dawo gida. Bayan ƴancin kai, gujiya ce ta ci gaba da ɗaukar ƙasa. A 1962 aka kafa SONARA don ta karɓi cinikinta daga hannun kamfanonin Turawa, da UNCC don haɗa kan manoma. A tsakiyar shekarun 1960 gujiya ce kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abin da Nijar ke fitarwa waje. Ma'ana, gumin manomin Maraɗi da Damagaram shi ne ya biya albashin ma'aikatan farko na wannan jamhuriya. Sai Faransa ta janye farashin gata da take saye da shi, ƙasa ta gaji, fari ya zo ya kai maƙura a 1973 da 1974, cuta ta faɗa wa gujiya a 1975. Daga nan ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

A daidai lokacin da gujiya ke faɗuwa yuraniyom ke tashi. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara haƙa a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara a Akokan a 1978. A farkon 1974 Diori Hamani na neman a ƙara farashi, ana cikin wannan tattaunawa sojoji suka kifar da shi a ranar 15 ga Afrilu, Seyni Kountché ya hau. Shekarun da suka biyo baya kuɗi ya shigo sosai. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, an buɗe ma'adinin kwal na Anu Araren don samar wa kamfanonin wuta, an yi manyan gine-gine a Yamai, an gina lakwal da gidajen likita. Abin da talakan karkara ya fi tunawa kuwa shi ne sauke masa nauyin lanhon kai da aka yi a wancan zamani. A 1981 abin da aka haƙa ya haura tan 4,000. Amma tun bayan hatsarin wata tashar nukiliya a Amurka a 1979 kasuwa ta fara sanyi, farashi ya faɗi, bashin da aka ci da sunan arzikin gobe ya zama ƙarfen ƙafa. Da farin 1984 ya zo, ga Nijeriya ta rufe iyaka, har mutanenmu suka sa wa yunwar suna El-Buhari, baitulmali ba shi da ƙarfin da yake da shi shekara biyar kafin nan.

Tun daga lokacin ake ta jan igiya. A 2006 dokar ma'adinai ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga don komin-komin na jihar da ake haƙa a cikinta. A 2007, zamanin Tandja Mamadou, farashin kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa 40,000, a 2008 ya kai 55,000. A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. A ƙarshen Maris 2021 COMINAK ta rufe bayan ta yi sama da shekara arba'in tana haƙa, ta bar tulin ƙasa mai guba da ma'aikata masu neman madafa. A 2024 aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Ta fuskar babban gida kuma, Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a watan Satumba 2023, suka mai da shi haɗaka a Yamai a watan Yuli 2024, suka kammala fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025.

Jama'a, ga hisabi a taƙaice. Fiye da shekara hamsin ƙarfen ƙasarmu yana haska biranen wasu, alhali akwai ƙauyuka a wannan komin da yara ke bitar karatu da tocila. Lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta 2023, kowa ya ga inda muka tsaya. Karɓo mabuɗin rumbu babban mataki ne, amma rumbu ba ya cika don an sauya mai riƙe mabuɗi. Sai an sami masu ilimin haƙa da na lissafi, da masu amanar rabo, da jama'a masu tambaya.

Arzikin da ke ƙofar gidanmu

Wani zai ce, mu a Ɗan Gulbi ba mu da yuraniyom, ba mu da fetur, ina ruwanmu? Ina ganin ruwanmu ya fi na kowa, domin abin da Allah ya ba mu, in an kula da shi, ba ya ƙarewa kamar ramin Akokan.

Na farko, ƙasa. Gonar da kakanninmu suka sara a zamanin gujiya an raba ta gado sau uku ko huɗu, yanzu wani magidanci ba shi da abin da zai ci wata shida. Idan rani ya yi tsanani sai mai kuɗi ya zo daga birni, a sayar masa da gona ko a jinginar, sau da yawa ba takarda, ba shaidu na ƙwarai. Tun 1993 muke da dokar karkara, akwai kuma hukumomin kula da filaye tun daga matakin ƙauye, kuma sarki da mai gari suna cikinsu. Duk cinikin gona, ko aro, ko jingina, a rubuta shi, a karanta wa mai gona da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Kada a manta da rabon mata da marayu, domin Allah ya riga ya yanka musu nasu.

Na biyu, itace. Gulbin Kaba ya ci sunansa ne daga kaba, kuma mata nawa ne suka aurar da ƴaƴansu da kuɗin tabarma da igiya da faifai? Goriba da gawo da kalgo da aduwa su ne garkuwar gonakinmu daga iska. A jihar nan tamu ta Maraɗi ne, tun daga shekarun 1980, manoma suka nuna wa duniya cewa idan aka bar toho aka gyara shi a lokacin sassabe, daji na dawowa ba tare da an dasa ba. Yau daga ƙasashe masu nisa ake zuwa koyon wannan dabara. Abin kunya ne a ce mu da muka koyar mu ne za mu koma tumɓuke kututture.

Na uku, burtali da mashaya. Ƙasarmu tana kan hanyar dabbobin da ke hawa zuwa Tarka da damina, su gangaro da kaka. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, a 2010 kuma aka yi dokar kiwo da ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa. Manomi na buƙatar taki da nono, makiyayi na buƙatar kara da ruwa. Duk wanda ya cinye burtali da garma, ko ya saki shanu a gona kafin a buɗe daji, ya haƙa ramin da zai iya cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. Jiharmu ta taɓa ɗanɗana ɗacin irin wannan fitina, ba ma fatan a maimaita.

Na huɗu, wanda ya fi duka, ƴaƴanmu. Tun da aka yi zaɓen komin na farko a 2004, kasafin kuɗin Ɗan Gulbi a nan ake tsara shi, kuma kowane ɗan gari yana da damar ya san abin da aka tara a kasuwa da inda aka kashe shi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma duk ranar da jirgi ya fara zuwa, wakenmu da dabbobinmu za su sami sabuwar kasuwa, baƙi masu jari kuma za su shigo da takardunsu. Wa zai karanta mana su? Yaron da muka cire daga lakwal muka tura ci-rani, ko yarinyar da muka cire tun ba ta iya rubuta sunanta ba? A sa su makarantar allo, a sa su lakwal, a bar su su kammala.

Kammalawa

Mai Martaba, Allah ya ƙara maka lafiya. A cikin shekara ɗarin nan kumandan ya zo ya tafi, jam'iyyu sun zo sun tafi, gwamnatocin soja da na farar hula sun yi ta sauyawa, gujiya ta yi zamaninta ta wuce, wani ramin yuraniyom ma ya rufe. Wannan gida yana nan, kuma ƙofarsa ce talaka ke fara bugawa idan an taɓa gonarsa ko rijiyarsa. A 1958 an nemi sarakuna su kawo ƙuri'ar jama'arsu. Abin da jama'a ke nema a wurin sarakuna yau shi ne su tsaya a bakin sikeli, su tabbatar an auna daidai, ko mai sayen ɗan gari ne ko baƙo, ko daga gabas ya zo ko daga yamma.

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, suna kuma cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dukansu gaskiya ne. Ƙaramar ƙasa ba ta iya zama ita kaɗai, ƙaramin gari ma haka, amma kafin a shiga kowane gida sai a tambayi sharaɗi, a ji shi da kunne, a gan shi a rubuce. Ina roƙon matasan da ke wurin nan, waɗanda jikokinsu za su yi bikin shekara ɗari biyu in Allah ya kai rai, su je wurin tsofaffin da suka rage, su rubuta abin da suka gani na zamanin gujiya da na ƙuri'ar 1958 tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata a wannan gida, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ba shi mashawarta na gari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Ɗan Gulbi da ƙasar Dakwaro da jihar Maraɗi da Nijar baki ɗaya lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman afuwa.